Furen kuɓewa da 'yan aji ɗaya: in gwada musu zane irin na Okif?

Malamar Aji Ɗaya:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Yara 34 ne a ajina, 'yan shekara biyar zuwa shida. Ranar Laraba bayan an dawo tara muke darasin zane. Makon jiya na ce kowa ya zana fure. Da na tattara takardun sai ka ce mutum ɗaya ne ya zana su duka: ɗan da'ira a tsakiya, 'yan kunnuwa biyar a kewaye, sanda a ƙasa, ganye biyu. Kuma duk a maƙale a kusurwar takarda, bai fi murfin kwalba ba, sauran wurin fari fat. Abin da ya fi tsaya mini a rai, a bayan ajinmu akwai kuɓewar mai gadi tana ta fure, kullum ta gabanta suke wucewa, amma ko ɗaya bai zana abin da ya yi kama da ita ba. Furen da na taɓa zana musu a allo shi suka dawo mini da shi sau 34.

To akwai wata mai zane ta Amurka, Jojiya Okif, an haife ta a 1887 a gidan gona a jihar Wiskonsin, ta rasu a 1986 tana da shekara 98. Tun wajen 1924 ta fara zana fure guda ɗaya ƙato, ya cika allon zanen har gefunansa su fita waje, kamar ka kai fuskarka dab da shi. Ta ce mutane ba sa ganin fure da gaske, don ƙarami ne kuma ba su da lokaci, gani kuwa sai da lokaci, kamar yadda yin aboki yake cin lokaci. Shi ya sa ta ƙara masa girma don dole a tsaya a duba.

Ina so in gwada wannan da yarana. Wa ya taɓa yi? In fara nuna musu zanenta ne, ko in fara da furen?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. 'Yata, niyyarki mai kyau ce, amma kin ɗauko da nisa. Shekara 31 na yi a firamare. Ɗan shekara biyar bai gama iya riƙe fensir ba. Abin da muka sani shi ne malami ya zana a allo mataki-mataki: ga da'ira, ga ganye na ɗaya, ga na biyu, yara na bi. Da haka hannu yake faɗawa. In kika ajiye musu fure kika ce ku zana abin da kuka gani, rabi za su yi jagwalgwalo, rabi su yi kuka su ce ba su iya ba. A fara da rarrafe kafin tafiya.

Malamar Aji Ɗaya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ai yadda ka faɗa haka na yi musu tun farkon zango, sakamakon ke nan na kawo muku. Hannun ya faɗa, amma idon bai buɗe ba.

Baban Yara Huɗu:
Ni tambayata daban ce. Yaranmu da yawa suna kai aji huɗu ba su iya haɗa baƙi ba. A wannan hali ne za a zauna ana kallon furen kuɓewa? Kuma me ya kai mu wata Baturiya can Amurka? Mu ba mu da masu zane ne?

Maman 'Yan Biyu:
Yaya, minti arba'in ne fa a mako, kuma yana cikin jadawali, ba daga lokacin karatu ta sata ba. Sannan yaron da aka koya wa ya lura cewa wannan ganyen ya hau kan wancan, shi ne gobe zai lura da bambancin b da ɓ, ko d da ɗ. Ido ɗaya ne ake aiki da shi a duka biyun.

Bari in faɗi abin da ya same ni. Hassana ta taɓa dawowa daga makaranta tana kuka, an ja mata jan biro a kan zanenta don ta yi wa fure kalar shunayya, wai fure ja ne ko rawaya. Alhali duman kada ta zana, wanda ke yaɗo a bakin rafin garinmu, kuma kalarsa ke nan. Yarinyar ta fi wanda ya yi makin lura. Daga ranar, in ka miƙa mata kala sai ta tambaya, "Wacce aka ce a sa?" Har yau ina jin zafin abin nan.

Ɗalibin Zane Daga Zariya:
Hajiya, labarinki ya tuna mini da na ita Okif ɗin kanta. Tana yarinya a makarantar kwana ta 'yan coci a garin Madison, aka ba su hannun jariri na farar ƙasa su zana. Ta dage ta yi shi da kyau, malamar ta zo ta ce ya yi ƙanƙanta kuma ya yi baƙi da yawa. Ta ji ciwo ƙwarai, ta ƙudura a ranta ba za ta sake zana abu ƙarami ba. Ita da kanta ta ba da wannan labari bayan ta tsufa. Ku duba yadda kalma ɗaya ta malami take bin mutum har furfura.

Akwai na biyu, wanda ya fi dacewa da tambayar Malama. A wata makarantar ta sakandare, ta ga malamar zane ta ɗaga wani furen daji tana juya shi a gaban aji, tana nuna musu siffarsa da yadda kalarsa ke canzawa daga kore zuwa duhu-duhu. Ta ce ta sha ganin furen nan a baya, amma ranar ce ta fara dubansa. A 1930 ta zana irin wannan furen har sau shida, tana ƙara matsowa kusa, har ya kai abin da ya rage sai tsakiyarsa kawai. Saboda haka amsar tambayarki tana cikin tarihinta: da fure a hannu aka fara da ita, ba da zanen wani ba.

Kuma Baba Hedimasta, da girmamawa, ita ma malamar makaranta ce. Daga 1912 zuwa 1914 ta koyar da zane a makarantun gwamnati na Amarillo a jihar Teksas, kuma ta yi ta sa-in-sa da hukuma kan littafin kwaikwayon zane da aka ce dole a bi. Ita so take yara su zana abin da ke gabansu.

Tsohon Hedimasta:
To ai ka ga ta yi sa-in-sa da hukuma. Malamarmu kuma albashi take ci, sufeto zai zo ya buɗe littafin shirin darasi. Ban ce kada a yi ba. Cewa na yi yaro yana buƙatar abin dafawa.

Mai Ɗinkin Hula:
Ni ina bayan Baba a nan. Ba malami ba ne ni, allura ce sana'ata. Da aka kai ni wurin maigidana ina ɗan shekara tara, ba a ce mini in ƙirƙiro komai ba. An zana mini a kan ƙyalle, aka ce bi. Na shekara uku ina bin zanen wani kafin na fitar da nawa. Masu zayyanar allo haka, masu zanen bango haka, masu sassaƙar ƙwarya haka. Kwaikwayo ba abin kunya ba ne, shi ne ƙofar shiga.

Mai Lalle:
Malam, gaskiyarka, amma bari in ƙara wani abu daga tawa sana'ar. Ni ma da kwaikwayo na fara, daga hotunan waya. Sai na wayi gari duk amaren unguwarmu fure iri ɗaya ne a hannunsu, nawa da na sauran masu lalle ba bambanci. Ranar da na tsinko furen kabewa a bayan gida na ajiye a gabana, na ga ashe kowane ganye yana da jijiya a tsakiya, bakinsa kuma a tattare yake kamar bakin zani, ranar aikina ya canza. Yanzu ana ganin hannu a ce wannan aikin wance ne. Kwaikwayo ya koya mini riƙe leda, furen ne ya koya mini zane.

Baban Yara Huɗu:
Har yanzu ba a amsa mini ba. Me ya sa sai Baturiya?

Malamar Aji Ɗaya:
Yaya, ba don Baturiya ce ba. Dabararta nake so, kuma dabarar ba ta buƙatar komai daga Amurka. In na ce zan koya musu zanen birnin New York, ita ma ta zana dogayen benayensa, to da ka yi gaskiya, yarana ba su taɓa gani ba. Amma fure? A 1939 wani kamfanin abarba ya ɗauki nauyinta zuwa tsibirin Hawayi, cikin abin da ta zana a can har da furen da yake dangi ɗaya da zoɓo da rama da kuɓewa da auduga. In ka ga zanen za ka ce daga gonar bayan gari aka tsinko. Ni kuma ba zan sa su haddace sunanta don jarrabawa ba. So nake su san akwai babban mutum da ya ɗauki kallon fure a matsayin aiki, har duniya ta san shi da haka. Yaro in ya ga babba ya ɗauki abu da muhimmanci, shi ma yakan ɗauka.

Ɗalibin Zane Daga Zariya:
Yaya, in ƙara maka wani. Zanenta da ya fi tsada, wanda ta yi a 1932, an sayar da shi a gwanjo a New York a watan Nuwamba 2014 kan dala miliyan 44 da dubu 400. A lokacin ba a taɓa sayen aikin wata mace mai zane da wannan kuɗi a gwanjo ba. Ka san furen me ne? Ɗan'uwan zaƙami. Farin furen nan mai kama da kakaki da ke fitowa a juji da kango, wanda muke wucewa ba ma ko waiwaye. Har a kusa da gidan da ta zauna daga baya a jihar Niyu Meksiko yana fitowa, ta zana shi a allo mai tsayin da ya haura mita ɗaya.

Baban Yara Huɗu:
Zaƙami? Wanda ke haukata samari? Ikon Allah.

Ma'aikaciyar Jinya:
Tunda an ambaci zaƙami dole in sa baki. Malama, don Allah kada ya shiga ajinki, ko furen ko ganyen, balle 'ya'yan. Duk jikinsa guba ne, kuma ɗan shekara biyar komai baki yake kaiwa. Haka tumfafiya. Furenta kyakkyawa ne, fari da shunayya kamar tauraro, yara za su so shi, amma farin ruwan da ke fita in an karya ta yana yi wa ido mummunar illa, yaro kuwa zai taɓa ya murza ido. Ki tsaya kan abin da ake ci: kuɓewa, kabewa, zoɓo, wake. Ko yaro ya tauna ba komai. Kuma ki karkaɗe furen kabewa kafin ki shigo da shi, kudan zuma na son shiga ciki.

Malamar Aji Ɗaya:
Allah ya saka da alheri Anti. Ban ma yi tunanin tumfafiya ba, kuma tana nan birjik a bakin katangarmu.

Malamin Islamiyya:
Wani ya turo mini tambaya ta gefe kan hukuncin abin, na ga gara in amsa a nan kowa ya amfana. Saɓanin da malamai suka yi magana a kai yana kan surar abu mai rai, mutum ko dabba. Bishiya da fure ba sa ciki. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar yin surori ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara musu yarda, ya gargaɗe shi, sannan ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Saboda haka iyaye su kwantar da hankali. Ni ina ganin ma dama ce. A Suratu Faɗir aya ta 27 an ja hankalinmu ga ruwan da ake saukarwa daga sama a fitar da 'ya'yan itace masu launi daban-daban. Yaron da ya zauna minti goma yana duban cikin fure ɗaya, in ya ce Subhanallah, ya san abin da ya sa ya faɗa.

Sai dai ina da jan hankali ɗaya. Malama ta zaɓi hotunan da kanta.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya gafarta Malam, ka rigaye ni. Yaya ma ake rubuta sunan? Na nema ban samu ba.

Ɗalibin Zane Daga Zariya:
Georgia O'Keeffe ake rubutawa. Kuma maganar Malam gaskiya ce. Mijinta, Alfred Stieglitz, mai ɗaukar hoto ne, ya ɗauke ta hotuna da yawa, wasu ba su dace da idon yara ba, suna iya fitowa in an nemi sunanta a intanet. Akwai kuma masu sharhi da suka riƙa fassara furanninta da wata ma'ana ta daban, fassarar da ita kanta ta yi ta ƙaryatawa har ƙarshen rayuwarta. Babba ya nema shi kaɗai, ya ajiye biyu ko uku a waya, ya rufe data, sannan ya nuna. Wani jan fure da ta yi a 1927 ya isa, da na Hawayi.

Amma Malama, ni da Van Gogh, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, zan fara in ni ne. Furannin rana da ya zana a garin Arles na Faransa a Agustan 1888, rawaya a kan rawaya, ana ganin sawun burushi ɓaro-ɓaro. Yaro zai iya wannan, dangwala fenti ne. Ita Okif kalolinta narkewa suke cikin juna ba ka ganin inda ɗaya ta ƙare, wannan ko mu a jami'a yana ba mu wuya.

Malamar Aji Ɗaya:
Na yi tunaninsa. Matsalar, nasa furanni ne sama da goma a cikin tulu, ga tebur, ga bango. In na nuna wa yarana haka, ƙananan furannin nan nasu za su jera mini guda goma a kan sanda. Ciwon da nake son magancewa shi ne ƙanƙanta da rashin dubawa. Narkewar kala ba na nemanta a wurinsu. Abu biyu kawai nake so: fure ɗaya, kuma ya taɓa gefen takarda duka huɗu.

Malama Daga Maraɗi:
Sannunku da hira. Na yi irin wannan da 'yan lakol ɗinmu bara da damina, bari in ba ki abin da na koya, har da inda na yi kuskure.

Kuskurena na farko, na nuna musu zanen tun kafin su fara. Duk suka zana jan fure, har wanda na ba furen kabewa. Karo na biyu na ɓoye wayar sai da suka gama, sannan na ce ku zo ku ga wata tsohuwa da ta yi irin aikinku. Murnar da suka yi ba ta faɗuwa. Wani ya ce, "Ita ma nata ya fita waje!" Saboda haka fure tukuna, ita daga baya.

Na biyu, ki raba su da fensir da kilina. Fensir siriri ne, shi ke jawo ƙaramin zane, kilina kuma tana cinye rabin lokacin, yaro na gogewa har takarda ta huje. Ki ba su gawayi ko guntun kireyon mai kauri. Da abu mai kauri a hannu ba yadda za a yi a zana fure kamar ƙwayar gero.

Na uku, minti goma na farko kada kowa ya taɓa takarda. Fure ɗaya ga yara huɗu. Ki yi ta tambaya: ganyensa nawa? Ku ƙirga. Wanne ya hau kan wanne? Cikinsa da bakinsa kala ɗaya ne? Ku shafa da ɗan yatsa, santsi ko kaushi? Ku shinshina. Ki bar su su faɗa da bakinsu, kada ki faɗa musu. Furen kuɓewa ya fi kowanne daɗin wannan, don daga nesa rawaya ne kawai, amma in ka leƙa ciki sai ka tarar da ja mai duhu kamar zoɓon da ya ji haɗi, ga wani ɗan sanda a tsakiya mai gari-gari, kansa kamar an ɗora masa ƙananan huluna na karan-miski. Yaran da kansu za su gano, kuma in suka gano ba sa mantawa.

Sai ki yanka 'yar taga a jikin kwali, kamar faɗin akwatin ashana, kowane rukuni ɗaya. Su ɗora a kan furen su leƙa. Ta tagar nan ba a ganin furen duka, gefunan sun yanke. Ki ce abin da ke cikin taga shi za a zana. Su fara daga tsakiya, da'ira kamar girman tafin hannunsu, sannan kowane ganye ya yi tafiya har ya faɗo daga bakin takarda. Ni ce musu nake, "Furen ya fi takardar girma, ku bar shi ya fita." Akwai waɗanda za su tsaya cak saura kaɗan su kai baki, suna tsoron laifi ne. Ki shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa ki ce an yarda a hau kanta.

Kuma ki tsinko furen a safiyar ranar. Na kuɓewa yini ɗaya yake yi, da safe ya buɗe, kafin la'asar ya naɗe.

Tsohon Hedimasta:
To wannan ai shi ne abin dafawar da nake faɗa. A fara daga tsakiya, a kai baki, ga taga. Mataki-mataki ne, sai dai ba a allo ba. In haka ne ba mu da saɓani mai yawa. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: za a samu yaro biyu ko uku da za su kasa farawa sam. Waɗannan a kama hannunsu.

Malama Daga Maraɗi:
Za a samu, Baba. Ni ba na kama hannun, yatsansu nake sa su bi gefen ganyen furen a hankali, sannan su maimaita tafiyar a iska, sannan a takarda. In ya ƙi, na ɗiga masa ɗigo ɗaya a tsakiya in ce daga nan. Amma ba na zana komai a takardar yaro. Da zarar ka zana masa ganye ɗaya mai kyau, nasa huɗun sun zama marasa kyau a idonsa.

Mai Ɗinkin Hula:
Nan kam ban yarda ba. Maigidana yakan karɓi allurar ya yi mini layi ɗaya, in ga yadda hannunsa ke tafiya. Ban taɓa jin nawa ya muzanta ba, sai ma ƙwarin gwiwa.

Mai Lalle:
Kai kana ɗan shekara tara ne Malam, kuma sana'a aka kai ka koya, akwai daidai akwai kuskure. Waɗannan 'yan biyar ne. In za a nuna musu, a nuna a wata takardar daban, a kife ta.

Baban Yara Huɗu:
To kayan aikin fa? Kada gobe a aiko mana da takarda a ce kowane yaro ya kawo fentin ruwa da burushi. Mun san yadda ake yi.

Malamar Aji Ɗaya:
Ba za a aiko ba Yaya. Bayan tsofaffin kalanda na tara tun watan jiya, da kwalayen taliya daga mai shagon unguwa. Kalar ce ban gama yanke shawara ba, kireyon ɗinmu duk sun zama guntaye.

Malamin Kimiyya:
Guntayen sun fi, a ɓare takardar jikinsu a kwantar da su a shafa da gefe, suna cika wuri da sauri. In kuma kina son fenti, kicin ɗinki ya isa. Ki dafa zoɓo da ruwa kaɗan ya yi kauri, ba sukari, shi ne janki. Kurkur a ruwan ɗumi shi ne rawaya, amma yana kama tufafi, a naɗe hannun riga. Bular wanki 'yar kaɗan ta ba ki shuɗi. Burushi kuwa a tauna bakin asuwaki sabo ya yi laushi, ko a ɗaura auduga a tsinke.

Ki sani zoɓo ba ya zama ja a takarda yadda yake a kofi, in ya bushe yakan koma shunayya ko ruwan toka-toka. Kada ki ɗauka ya lalace. Sinadarin da ke ba shi kala yana canzawa ne da tsami ko kanwa. Ɗiga lemon tsami, ya koma ja mai haske. Ɗiga ruwan kanwa, ya juya shuɗi-shuɗi zuwa kore. Kurkur kuma in ya haɗu da kanwa ja yake komawa. Kenan daga kofi biyu kin sami kala huɗu ko biyar. Ruwan kanwar ya zauna a hannunki ke kaɗai, ki bi su kina ɗiga wa mai so. Ranar da na yi wa 'yan aji uku wannan, shiru ajin ya yi, sannan aka ɓarke da ihu.

Maman 'Yan Biyu:
In yaro ya zaɓi farin fure fa, a farar takarda?

Ɗalibin Zane Daga Zariya:
Sai a yi abin da ita ta yi da nata farin furen: a bar furen, a cika bayansa da kore da shuɗi, farin ya fito da kansa. Ga yara, su zana ganyen furen da guntun kyandir su danna sosai, sannan su shafa ruwan bula a kai. Inda kyandir ya bi ruwa ba ya kamawa. Suna ganin layin na fitowa kamar daga ɓoye.

Malamar Aji Ɗaya:
Jama'a na dawo da labari, yau Laraba mun yi.

Mai gadi ya ba ni furen kuɓewa shida, na ƙaro na kabewa uku daga gida. Minti goman kallo sai da ya zama kusan ashirin, don sun ƙi sakin furen. Wata yarinya da ba ta cika magana ba, tun farkon zango ban fi jin muryarta sau uku ba, ita ce ta fara leƙa ciki ta ce, "Anti, an zuba masa zoɓo a ciki." Daga nan kowa sai ya gani da idonsa. Wani ya ƙirga ganye biyar, abokinsa ya ce shida ne, suka sake ƙirgawa tare suna riƙe kowanne da yatsa.

Cikin 32 da suka zo, 23 sun kai gefe huɗu. Shida sun yi babba amma sun tsaya kafin baki. Uku sun koma ɗan furensu na da, a kusurwa. Baba Hedimasta, maganarka ta fito, ɗaya daga cikinsu har da hawaye, ya ce nasa ba zai yi kyau ba. Na zauna kusa da shi muka bi gefen furen da yatsa, na ba shi sabuwar takarda, ya yi wanda ya kai girman tafin hannuna. Ban matsa masa ya wuce haka ba.

Zoɓo ya zube sau biyu, rigar yaro ɗaya ta sha kurkur, zan je in ba mahaifiyarsa haƙuri da kaina. Kanwa ban kai gare ta ba, lokaci ya ƙure.

Da suka gama na jera takardun a ƙasa a bakin bango, na fito da waya na nuna musu jan furen Okif, na ce wata mata ce a ƙasa mai nisa ta yi, ta rayu har ta kusa shekara ɗari, ko da idonta ya raunana a tsufa ba ta bar aikin hannu ba. Suka yi ta kallon wayar suna kallon nasu. Yarinyar nan ta tambaye ni ko matar ta taɓa ganin furen kuɓewa. Na ce mata ta zana ɗan'uwansa. Ta ce to a aika mata da nata ta gani. Na ce ta rasu tun kafin a haife ni. Ta yi shiru, sannan ta ce to a manna a bango.

Babu guda biyu da suka yi kama da juna a cikin 32 ɗin nan.

Tsohon Hedimasta:
Madalla 'yata. Yaran nan uku kada ki manta da su mako mai zuwa, ki zaunar da su a gaba kusa da ke. Kuma ki rubuta matakan nan a littafin shirin darasi yadda sufeto zai gane.

Baban Yara Huɗu:
Ƙaramar tawa shekararta biyar. Akwai kabewa a bayan gidanmu. Malamar Maraɗi, tagar nan ta kwali, faɗin akwatin ashana kika ce ko ta fi haka?

Malama Daga Maraɗi:
In na kabewa ne ka ɗan ƙara, kamar akwatin ashana biyu a jere, don ya fi na kuɓewa faɗi. Ka tsinko da sassafe kafin rana ta yi zafi, da hantsi yake fara rufewa. Ka duba ƙasan furen, wanda ke da 'yar ƙwallo a gindi shi ne zai zama kabewa, ka bar wa mai gonar shi, ka ɗauki mai siririn wuya.